Bafal mai ampili a ciki: an ce yana kare kansa, to me ke ƙona shi?

A Yamai yanzu, duk inda aka kafa rumfar biki ko ta suna, ko aka shimfiɗa tabarmi don wa'azi bayan isha'i, da wuya a ga tsohon tsarin nan na ampili (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi) daban, bafal (akwatin lasifika) daban, waya na jan ƙasa tsakaninsu. Abin da ya yi yawa shi ne bafal mai ampili a cikinsa: a ɗora shi bisa sanda, a jona wuta, a jona miksa (na'urar haɗa sauti), shi ke nan. Masu sayarwa kuwa maganarsu ɗaya ce: “Alhaji, wannan ba ya ƙonewa, yana kare kansa.” Ba za a ce ƙarya suka yi ba. Amma wanda ya leƙa rumfunan masu gyara a Katako zai ga irin waɗannan bafal a jere an kwance bayansu, wani tuwita (ƙaramar lasifikar siririn sauti) ta mutu, wani bobin ɗin wufa (babbar lasifikar sauti mai kauri) ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙauri.

Rigimar duka a kan bobin ɗin nan take. Siririyar wayar jan ƙarfe ce aka naɗa a jikin ɗan bututu, aka liƙa shi bayan faifan lasifika, yana rataye cikin wata ƴar matsattsiyar kafa a tsakiyar maganaɗisu. Wuta ta bi wayar, maganaɗisu ya tura bobin gaba. Ta juya, ya jawo shi baya. Faifai ya bi shi, iska ta motsa, kunne ya ji sauti. Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau shi ne a cikin bafal ɗin da ake haya. Aibinsa ma na nan yadda yake. Cikin wat 100 da ampili ya tura wa wufa, abin da ke zama sauti bai fi wat 2 ko 3 ba. Sauran duka zafi yake zama, kuma a jikin siririyar wayar nan yake taruwa. Saboda haka idan an ce wufa mai wat 400 ce, ba ƙarar da za ta yi ake faɗa maka ba. Ana faɗa maka yawan zafin da za ta iya ɗauka kafin gam ɗin da ya riƙe wayar ya saki.

Bobin na zamani na iya jure digiri 200 da ɗoriya, amma yadda zafin ke taruwa shi ne abin lura. Bobin ɗin wufa cikin daƙiƙoƙi yake ɗaukar zafi, na tuwita ya fi haka sauri don ba shi da jiki. Zafin yana tsallakawa daga waya zuwa ƙarfen maganaɗisu, shi kuma ƙarfen yana da nauyi, sai ya ɗauki dogon lokaci yana sha kafin ya ƙoshi. Muddin maganaɗisu na da sanyi, bobin na da inda zai zubar da zafinsa. Idan aka yi sa'o'i ana kiɗa har shi ma ya yi zau, mafita ta toshe. Shi ya sa da wuya bafal ya mutu a waƙar farko. Sai can dare ya raba, fili ya cika, an kawo amarya, sannan a ji bas ya ɗauke. Mai sono, wato mai kula da kayan sautin, ya rantse bai taɓa komai ba, ƙarar da ya fara da ita ita ce har yanzu, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

Akwai mutuwa ta biyu wadda babu ruwanta da zafi. Faifai yana da iyakar tafiya gaba da baya, ƴan milimita ne kawai. Yadda sauti ke ƙara kauri, haka tafiyar ke ƙaruwa, kuma ba sannu-sannu ba: don a samu ƙara iri ɗaya, sautin da ke karkarwa sau 50 a daƙiƙa yana buƙatar tafiyar da ta ninka ta mai sau 100 har sau 4, mai sau 25 kuma sau 16. Ramin iskar da ke jikin bafal yana taimakawa, domin a daidai sautin da aka auna ramin da shi, iskar cikin akwatin ce ke yin aikin, faifai ya huta. Amma da an sauka ƙasa da wannan sautin, iskar ta saki faifai, ba abin da ke riƙe shi. A nan wat kaɗan ma sun isa bobin ya daki gindin maganaɗisu, ko ya fito daga kafarsa, ko bakin faifai ya yage. Makirufo ya faɗi ƙasa, ko a zare waya alhali bafal na kunne, ko a murɗa bas ɗin miksa har ƙarshe, duk hanyar nan suke bi.

Lambar da ke jikin kwali ita ce ta fi ruɗa masu saye. A 1984 ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta fitar da ƙa'idar gwaji: a bar lasifika sa'o'i 2 tana shan wani shuuu na musamman wanda ƙololuwar ƙarfinsa ta ninka matsakaicinsa sau 4. Wat ɗin da ta jure ba ta lalace ba, shi ne ƙarfinta na dindindin. Daga wannan lamba ɗaya ƴan kasuwa suka haifi wasu biyu: su ninka sau 2 su ce ƙarfin kiɗa, su ninka sau 4 su ce ƙarfin ƙololuwa. Wufa guda ce mai wat 400, ita ce mai 800, ita ce mai 1600, ya danganta da wanda ya rubuta takardar. Wanda kuma aka rubuta wa PMPO, wannan ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. A bafal mai ampili a ciki abin ya ƙara cakuɗewa, don lambar da ake nunawa yawanci ta ampili ce, ba ta lasifika ba, kuma an haɗa ampilin wufa da na tuwita an yi jimla a kan ƙololuwa.

Juya bayan bafal ɗin da aka ce wat 2000 ne, ka duba ƴar takardar da ke kusa da inda ake jona wuta. Za ka iya tarar da ampiya 2 kacal. Ampiya 2 a volt 230 wat 460 ne. Wani zai ce ai an kama ɓarawo. A wajen kamfanonin kirki ba sata ba ce, lissafi ne: ana auna shan wutar ampili a kashi 1 cikin 8 na cikakken ƙarfinsa, don nan ne kiɗa na gaske ke zama idan an buɗe shi sosai. Kiɗa ba ya tafiya a miƙe. Dukan ganga ko kalangu yana tashi sama cikin ƙiftawar ido ya sauko, kuma a kiɗan da ake yi kai tsaye ƙololuwar tana iya ninka matsakaici sau 10 har fiye. Manyan kondansa da ke cikin ampili su ke tara wutar da ake biyan wannan tashin da ita. Ɗan kokowa na iya ɗaga abokin karawarsa sama na daƙiƙa ɗaya ya kayar, amma ba wanda zai riƙe ƙato a sama har a gama kiɗan fage. Wat 2000 ɗin na ɗagawa ne, na riƙewa bai kai rabin rabinsa ba.

Don haka ampili ya fi lasifika ƙarfi ba kuskure ba ne, da gangan ake yi. Tun zamanin ampili daban, shawarar masu sana'a ita ce a ba wufa ampilin da ya ninka ƙarfinta na dindindin sau 1.5 zuwa 2, domin dukan ganga ya wuce da tsabta. Sharaɗin kawai shi ne matsakaicin ya zauna ƙasa.

Ni a ganina ma an ba wat muhimmancin da bai kai ba. Da desibel ake auna ƙara, kuma ninka wat sau 2 desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne zai ce an ɗan ƙara. Kafin mutum ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kamar desibel 10, wato wat ya ninka sau 10. Wufar da ke ba da desibel 97 da wat 1 a nisan mita 1, idan aka gwada ta da mai ba da 94, ta farkon da ampilin wat 300 za ta yi abin da ta biyun sai da 600. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Nisa kuma ya fi komai cin sauti: a fili, inda babu bango mai maido da shi, duk ninkin nisa desibel 6 ke zubewa. Bafal mai ba da 124 a mita 1, a mita 32 saura 94. Mai son na bayan taro su ji, ya ɗaga bafal sama da kawunan mutane, ya kai wani can tsakiyar fili. Murɗa na gaba har ƙarshe kurmantar da na kusa kawai yake yi, na nesa ba su samu komai ba.

Akwai tsohuwar gardama tsakanin masu sono: wai ƙaramin ampili ya fi babba ƙona lasifika. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Idan aka nemi ampili ya ba da volt ɗin da ba shi da shi, sai ya ƙure, ya yanke kan sautin ya baje shi. Abu biyu ke faruwa. Na farko, sautin da aka baje kansa gaba ɗaya yana ɗauke da ƙarfin da ya kai ninki 2 na lafiyayye mai tsayi ɗaya, ga shi tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da matsakaici ta rufe, bobin ba ya samun hutu. Na biyu, yankan yana haifar da ƙarin sautuka sirara masu kaifi waɗanda babu su a waƙar. A tsohon tsari, inda ampili ɗaya ke ciyar da wufa da tuwita kuma a cikin bafal ake raba sautin, waɗannan sirara kai tsaye tuwita suke tafiya, ita da ƙarfinta bai wuce wat gomomi ba. Amma ƙanƙantar ampili ba ita ke kisa ba, hannun da ya tura shi ya wuce iyakarsa ne.

A nan bafal mai ampili a ciki ya yi zarra na gaske. Ana raba sautin tun yana ƙarami, kafin ya shiga ampili, kauri ya bi hanyarsa, siriri ya bi tasa, kowace lasifika da ampilinta. Ko ampilin wufa ya ƙure, dattinsa a wufa zai tsaya. Uwa-uba, wanda ya ƙera shi ya san ainihin wufar da ya saka, da girman akwatin, da ramin iska, don haka zai iya auna kariya daidai da su. Kamfanin Genelec na Finlan ya fara da irin wannan bafal a 1978 don ɗakunan rediyo, Meyer Sound na Amurka ya kai shi manyan filayen wasa, JBL kuma da EON ɗinsa na 1995 ya sa ya zama kayan kowa. Zuwan ampilin aji D, wanda ke mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa aiki maimakon zafi, shi ya sa aka iya cusa ƙarfi mai yawa a bayan akwatin roba mutum ɗaya ya ɗauka.

Kariyar hawa-hawa ce. Akwai matatar da ke zubar da sautin da ya yi ƙasa da abin da ramin iska zai iya riƙewa, ita ke tsare faifai daga wuce iyaka. A wasu bafal tana matsowa sama da kanta idan an ƙara ƙara, shi ya sa ake jin bas na raguwa in an buɗe sosai. Akwai limita mai sauri, wadda ke danne ƙololuwa cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba don kada ampili ya ƙure. Akwai limita mai jinkiri, wadda ba ruwanta da duka ɗaya, matsakaici take bi na daƙiƙoƙi, idan ta ga ya daɗe a sama ta rage ƙara a hankali saboda zafin bobin. Sannan ampili na da nasa tsaron: ya kashe kansa in ya yi zafi, ko in an haɗe wayoyinsa, ko in ya fara zubo wutar da ba ta juyawa. Fitilar nan ja ko ruwan ɗorawa mai rubutun LIMIT tana nuna ɗaya daga cikin limitocin ta shiga aiki. Ta riƙa ƙyaftawa tare da dukan ganga, ba laifi. Ta kama ta zauna, an wuce gona da iri.

Abin da mai sayarwa ba ya faɗa, wataƙila don shi ma bai sani ba, shi ne a yawancin bafal limita ba ta ganin bobin. Babu ma'aunin zafi a jikinsa. Volt ɗin da ke fita kawai take aunawa, ta gwada shi da lambar da aka saka mata a masana'anta. Lambar nan kuwa an gina ta ne bisa zato: cewa wufar ita ce wadda aka saka tun farko, iskar wurin ba ta wuce ta ɗaki ba, wutar da ke shigowa cikakkiya ce, abin da ake sakawa kuma kiɗa ne mai hawa da sauka. Masu tsada suna auna volt da ampiya tare, su gane ainihin wat ɗin da bobin ke sha, kamar tsarin TruPower na Meyer Sound, wasu kuma kwamfutar cikinsu na lissafa zafin bobin tana tafe. Masu arha ƙwarai, wasunsu fitilar ce kawai gare su, bayanta babu komai. Na tsakiya, waɗanda su ne cike da gari, kariyarsu tana aiki muddin zaton nan ya tabbata, kuma a Yamai kusan kowane ɗaya daga ciki yana karyewa.

Ɗauki zafi. Ana gwajin lasifika a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25. A watan Afrilu da Mayu Yamai na wuce 40 a inuwa, balle baƙin akwati da aka kafa tun azahar rana na dukansa. Digiri 20 ko 30 na sararin da mai ƙira ya bari sun tafi tun ba a saka waƙa ba. Sannan jan ƙarfe na da wata ɗabi'a: duk digiri 1 da ya ƙaru, turjiyarsa ga wuta na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100. Bobin da ya tashi daga 20 zuwa 200, turjiyarsa ta ƙaru da kamar kashi 70. Wutar da ke bin sa ta ragu, ƙara ta faɗi da desibel 3 ko 4, kamar an cire rabin ampili. Wannan da kansa ɗan sauƙi ne ga bobin, don yana rage abin da yake sha. Matsalar mutum ce. Mai sono ya ji sauti ya yi sanyi, dangin ango na cewa a ƙara, sai ya ƙara.

Ƙarin nan kuwa, tunda limita ta riga ta tsaya a bakin ƙofa, ba ya ɗaga ƙololuwa ko kaɗan. Abin da yake ɗagawa wuraren da waƙar ke sassautawa ne, inda bobin ke shan iska. Ana turawa tazarar na rufewa, matsakaici ya tashi daga kashi 1 cikin 8 ya doshi 1 cikin 3, sautin ya cushe ya rasa armashi, zafi ya ninka. Waƙoƙin situdiyo na yanzu ma tun daga can an matse su don su yi ƙara a waya, sun zo da tazara kaɗan. Bafal mai limita mai sauri kaɗai, babu mai jinkiri, a irin wannan hali zai ƙone alhali fitilarsa na kunne, tana aikinta daidai yadda aka umarce ta.

Akwai kuma ƙurewar da ke faruwa tun kafin sauti ya iso bafal. Waya an buɗe ta har ƙarshe, miksa duk fitilunta ja, waƙar kuma an turo ta WhatsApp ta bi hannu goma. Sautin ya riga ya yanke, da kaifinsa ya shigo. Na'urar raba sauti ba ta san datti ba ne, za ta ɗauke shi siririn sauti na halal ta miƙa wa ampilin tuwita, shi kuma ya ƙara masa ƙarfi da gaskiyarsa. Amfanin raba ampili ya tashi a banza. Gara a bar miksa a kore, fitilar farko ta ruwan ɗorawa na leƙowa jefi-jefi, a nemi sauran ƙarar a bayan bafal.

Na lura wurin biki wufa ya fi kashewa, wurin wa'azi da taro kuma tuwita. Dalilin kukan makirufo ne, larsen ɗin nan da ke tashi idan mai magana ya gitta gaban bafal ko ya dunƙule kan makirufo da hannu. Shi sauti ɗaya ne tsayayye, ba hawa ba sauka, yana cika ampili har baki, kuma sau da yawa a yankin da tuwita ke aiki yake faɗawa. Daƙiƙoƙi kaɗan sun ishe shi. Bafal ya kasance gaban mai magana yana kallon jama'a, ba bayansa ba. Wannan kaɗai ya fi kowace limita.

Ƙurar hunturu tana nata aikin a ɓoye: ta toshe fanka da haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafin ampili, ɓarɓashin ƙarfen da ke cikinta kuma maganaɗisu ya janye shi cikin kafar bobin ya riƙa gurzawa.

Sai wuta. Layin kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, volt 220 zuwa 230 ne, amma mai sono ba kullum yake kan layi ba. Tun ma kafin watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, mai haya da ya san aikinsa ba ya fita ba gurup, wato janareto. Ƙaramin gurup yana numfashi tare da bas: duka ya zo volt ya faɗi, duka ya wuce volt ya yi tsalle. In an haɗa shi da firiza ko injin ƙanƙara, duk tashi da tsayawarsu sai bafal ya ji a jikinsa. Ga kuma ralonj, doguwar wayar da ake jawo wuta da ita. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 mai tsawon mita 50, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, turjiyarta wajen om 1.2, a ja ampiya 10 a kanta, volt 12 sun zube a hanya. Idan siririya ce mai 0.75, asarar ta ninka. Wasu bafal an yi su su karɓi komai daga volt 100 zuwa 240 ba tare da sun damu ba, kuma ga mai aiki a nan ganin an rubuta haka a jikin bafal ya fi lambar wat daraja. Waɗanda ba haka ba, in wuta ta ragu ƙarfin ampilinsu na raguwa, ya ƙure da wuri, ƙasa da inda aka saka limita ta tsaya. Tana jiran lambar da ba za a kai ba, yankan na wucewa ta gabanta. Ƙa'idar kunnawa ma a kiyaye: gurup ya daidaita tukuna, a kunna miksa, bafal a ƙarshe, wajen kashewa bafal ne farko.

Inda kariya ta fi mutuwa, a ganina, teburin gyara ne, kuma ba don masu gyaran ba su iya ba. Sau da yawa kayan asali ne babu, ko mai bafal ba zai biya ba, yana cewa “maigida, a sa mini ko wace iri ce, gobe ina da aiki.” A ce an saita limita ta tsaya a volt 40 saboda wufa mai om 8. Volt 40 sau 40 a raba da 8, wat 200. Aka ciro ta aka saka mai om 4 don ita ce a kasuwa kuma faɗinta ya yi daidai da ramin. Limita na nan a volt 40, amma yanzu wat 400 ke shiga, ampili kuma na ba da ampiya ninki 2 na abin da aka shirya masa. Ranar farko mai shi zai yi murna, bafal ya fi da ƙara. Haka in an sake naɗa bobin da hannu aka canza kaurin waya ko yawan zagaye, ko aka liƙa da gam ɗin da ba na zafi ba. Haka in an saka wa tuwita faifai mai om 8 a gurbin mai 16. Ko om ya yi daidai, wufar da tafiyarta ba ta kai ta asali ba za ta daki gindi a inda matata ke ganin lafiya lau. Masu jawo waya daga ampilin ciki su ƙara wani bafal a kai, da masu toshe ramin iska saboda ɓera, duk lissafin masana'anta suke rushewa. Wanda ya cire limita gaba ɗaya don wai tana danne ƙara, wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Awo ɗaya mai sauƙi yana rage rabin wannan ɓarna. Kafin a saka sabuwar wufa, a ɗora mita a kanta. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 6.5, mai om 4 kuma wajen 3. A gwada da abin da aka rubuta a jikin tsohuwar. In dole sai an saka wadda ba irinta ba, om ɗin ya zama ɗaya, ƙarfinta na dindindin kada ya gaza na asali, kuma a gaya wa mai bafal gaskiya cewa daga yau fitilar nan ba abin dogaro ba ce, ya tsaya tun kafin ta kama.

Tsohon bobin ma kada a yar da shi ba a duba ba, don yana faɗin abin da ya kashe shi. In ya yi baƙi ko'ina daidai, gam ya kumbura, zafi ne na dogon lokaci, a tambayi mai sono yadda yake tuƙa miksarsa. In gindinsa ya lanƙwashe ko ya tsage amma wayar na da haskenta, tafiya ce ta wuce iyaka, a duba bas da ramin iska. In gefe ɗaya ya gurje, ko dai datti ya shiga kafar ko an liƙa shi a karkace. In kuwa ƙunar ta taru a kai ɗaya, faifai kuma ya maƙale a waje ko a ciki, a zargi ampili da zubo wutar da ba ta juyawa. A auna bakin ampilin ba tare da sauti ba, ya kamata mita ta nuna kusan sifili. In ta nuna volt masu yawa aka rufe ido aka jona sabuwar wufa, kafin a gama ɗaure sukurori ita ma ta bi ta farko.